Jifa 118 daga hannu ɗaya: yadda gasar besbol ta jami'o'in Amurka ke cinye majefanta

Ranar Lahadi 13 ga Yuni, 2021, kocin besbol na jami'ar Arkansas, Dave Van Horn, ya yi abin da bai yi ko sau ɗaya ba a duk kakar: ya damƙa wa Kevin Kopps ƙwallo tun daga jifan farko. Kopps ba mai buɗe wasa ba ne. Ɗan agaji ne, irin wanda ke zaune a gefe sai wasa ya yi tsami a yafuto shi ya kashe wutar. A wannan aikin babu kamarsa a ƙasar a shekarar, har daga baya aka ba shi Golden Spikes, kyautar gwarzon 'yan wasan da ba su shiga sana'a ba. Arkansas ce aka sa a gaba cikin ƙungiyoyi 64. Ta lallasa NC State, jami'ar jihar North Carolina, 21 da 2 ranar Juma'a, ta sha kashi 6 da 5 ranar Asabar, ranar Lahadi kuwa duk wanda ya faɗi sai gida. Kopps ya yi jifa 118. Ya riƙe wasan har zango na tara ana kunnen doki, 2 da 2, sai Jose Torres na NC State ya ɗaga ƙwallo ta tsallake katanga. Aka tashi 3 da 2, kakar Arkansas ta ƙare a filinta na Fayetteville.

Har yau magoya baya na musu kan ko Van Horn ya yi daidai. A ganina ba za a iya wannan musun da adalci ba sai an fara duba tsarin gasar, domin shi ne ke tura koci cikin wannan lungu kowace shekara.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga yadda yake a taƙaice. Mai jifa yana tsaye a kan ɗan tudu, tsakaninsa da mai gora mita 18 da 'yan kai, yana wurga ƙwallo ga abokinsa mai cafewa da ke tsugune a bayan mai gorar. Idan mai gora ya yi kuskure uku, ko dai ya kai sara ya sami iska ko ya ƙyale ƙwallon da ta bi hanya, to ya fita. Idan mai jifa ne ya kauce hanya har sau huɗu, an ba mai gora tashar farko kyauta. Tashoshin huɗu ne, wanda ya zagaye su duka ya ci maki ɗaya, wanda kuma ya buga ƙwallo ta tsallake katanga ya sami zagayen gaba ɗaya. Wasa zango tara ne, a kowane zango sai ka fitar da mutum uku, wato 27 ke nan. Babu agogon da zai cece ka, ba a ɓata lokaci a jira busa. Sannan wanda aka cire daga wasa ba ya dawowa, don haka duk canjin mai jifa magana ce da ba a janyewa.

A tsakiyar kaka rayuwa na da tsari. Ana buga wasa uku da abokin hamayya ɗaya, Juma'a da Asabar da Lahadi, sai wasa ɗaya a tsakiyar mako. Gwanin ƙungiya shi ke buɗe wasan Juma'a, ya huta kwana shida, ya dawo. 'Yan agaji kowa ya san zangonsa. Da an shiga gasar fitar da gwani ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai wannan tsari ya wargaje. Tun 1999 ƙungiyoyi 64 ake rabawa rukuni 16, huɗu-huɗu, kuma ba sili-ɗaya-ƙwale ba ne, sai an doke ka sau biyu kake fita. Wanda ya yi ta cin wasa zai gama da wasa uku. Wanda ya faɗi ranar Juma'a kuwa, in yana son tsira, sai ya ci Asabar, ya ci biyu ranar Lahadi, ya sake ci ranar Litinin. Wasa biyar cikin kwana huɗu, zango 45, mutum 135 da za a fitar. Ƙungiyar da aka gina don wasa uku a ƙarshen mako ba ta da hannayen wannan aiki. Ka tuna kuma cewa shekaru da dama, har zuwa 2025, gurbin tallafin karatu 11.7 kacal aka yarje wa kowace ƙungiya ta rarraba wa 'yan wasanta sama da talatin. A takarda koci na da masu jifa fiye da goma. A zuciyarsa, ranar da ake neman rai, huɗu ne ko biyar.

Shi ya sa tun kafin a fara ake caca. Ƙungiyar da ke karɓar baƙi tana fara karawa da mafi rauni a rukunin. Shin ta sa gwaninta a wannan wasa don ta tabbatar, ko ta ajiye shi don wasan Asabar mai wuya? In ta ajiye shi aka yi mata ba-zata, ta faɗa doguwar hanyar nan ta wasa biyar, kuma kowa zai ce koci ya yi wayon banza. In ta kashe shi a kan mai rauni, ranar Asabar za ta tari babban abokin gaba da na biyunta.

Daga rukuni sai zagaye na biyu, inda ƙungiyoyi biyu ke neman cin biyu cikin uku, kamar yadda Arkansas da NC State suka yi. Takwas da suka tsallake su ke zuwa Omaha a jihar Nebraska, inda ake kammala gasar tun 1950. A can ma zagayen ƙarshe biyu cikin uku ne.

To wa ke zaɓar irin jifan da za a yi? A gasar ƙwararru ta MLB galibi mai cafewa ne da mai jifa ke daidaitawa a tsakaninsu. A jami'a ba haka ba ne. A yawancin manyan ƙungiyoyi koci ne, daga rumfar 'yan wasa, ke faɗin kowane jifa: iri kaza, a wuri kaza. A da yakan kira lambobi, mai cafewa ya duba wata 'yar takarda da ke ɗaure a hannunsa, ya fassara, sannan ya yi wa mai jifa alama da yatsu. A 2022 NCAA ta halatta na'urar aika saƙo daga rumfa, Vanderbilt ta fito da agogunan hannu na lantarki waɗanda 'yan wasanta ke dubawa su ga umarni. Hujjar kociyoyi a fili take. Su ne suka kwana suna kallon bidiyon abokan hamayya, su ke da alƙaluman da na'urori irin su TrackMan ke tarawa, sun san wane mai gora ne ke bin ƙwallon da ta nutse ƙasa kamar an yi masa asiri. Yaron da ke kan tudu shekararsa 19 ko 20. Kuma in an faɗi, aikin koci ne ke rawa, ba na yaron ba.

Kayan aikin mai jifa ba su da yawa. Akwai jifan gudu, wanda ke zuwa kusan a miƙe. Akwai masu lanƙwasa, irin su silaida da ke zamewa gefe da ƙasa dab da isowa, da kata wadda ke ɗan gocewa a ƙurarren lokaci. Akwai kuma jifan yaudara, wanda ke fitowa daga hannu kamar na gudu amma ya iso a makare. Ƙwallo mai gudun mil 95 a awa tana isa wurin mai gora cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, don haka ba ya da lokacin tunani, hasashe yake yi. Duk dabarar zaɓin jifa ita ce a sa shi ya hasaso ba daidai ba.

Wani abu da ke bambanta jami'a da sana'a shi ne gorar kanta. Ƙwararru da ta katako suke bugu. In ka matse mutum da jifan gudu kusa da hannunsa, gorar katako na iya karyewa, ƙwallo ta gangara a raunane. A jami'a gorar ƙarfe ce ko ta haɗin roba mai tauri, ba ta karyewa, kuma bugun da bai zauna daidai ba ma yakan tsallake kan masu tsaron ciki ya faɗo a fili. Wannan ne ya sa kociyoyin jami'a suka daɗe suna gudun jifan ciki, suna karkata ga nesa da jiki da kuma lanƙwasa. Idan an shiga watan Yuni abin sai ya ƙaru. Kocin da a watan Maris zai bar yaro ya gwada jifansa na uku don ya koya, yanzu ba ya son jin labarinsa. Abin da ya fi amincewa da shi kawai zai yi ta kira.

Wani lokaci hakan na haifar da abin al'ajabi. Ranar 8 ga Yuni, 2019, bayan Duke ta yi wa Vanderbilt 18 da 5, wani ɗan aji ɗaya mai suna Kumar Rocker ya hau tudu, ya yi jifa 131, ya fitar da mutum 19 da kuskure uku-uku, babu wanda ya sami bugu mai kyau ko ɗaya har aka tashi. Silaidarsa ce ta yi aikin. 'Yan Duke sun san tana zuwa, suka kasa haƙura da ita.

Amma Rocker mai buɗe wasa ne, an gina jikinsa da dabararsa don ya fuskanci mutum ɗaya sau uku ko huɗu a dare guda. Ɗan agaji ba haka yake ba, kuma nan ne zancen Kopps ke da daɗin tonawa. Dalilin da ya sa ake mai da mutum ɗan agaji yawanci shi ne yana da jifa ɗaya ko biyu masu kaifi, ba shi da na uku. Zai shigo, ya ga kowane mai gora sau ɗaya, ya tafi kafin ido ya saba da shi. Makamin Kopps katarsa ce, wadda ba ta da tsananin gudu amma tana nutsewa a daidai lokacin da gora ta taso. Da ita ya kammala kaka da matsakaicin maki 0.90 a kowane zango tara, adadin da ko manyan gwanaye ba sa kaiwa. Mako guda kafin wasan NC State ya riga ya ɗauki ƙungiyar a kafaɗa a zagayen rukuni, inda ya yi zango bakwai na agaji a kan Nebraska ranar Litinin ba tare da an ci shi ba. Ranar Asabar ma ya shiga wasan da aka faɗi 6 da 5. Don haka a lokacin da Torres ya tsaya gabansa a zango na tara, abu biyu sun haɗu: hannu ya gaji, idon abokan gaba kuma ya ƙoshi da kallon jifan nan tun da rana. Gajiya ba lallai ta fara bayyana a gudun ƙwallo ba. Takan fara ne da saiti, ƙwallon da aka nufa gwiwa ta tsaya a ƙugu.

Duk da haka ba na cikin masu cewa Van Horn ya yi wauta. Mutumin ya ba da maki uku ne kawai a zango takwas da ɗoriya. Arkansas ta faɗi ne don masu gorarta, waɗanda suka ci 21 ranar Juma'a, sun tsaya a 2. Koci da ya bar gwaninsa a benci yana jiran zango na tara, aka yi masa rata tun a na uku, shi ne zai fi shan zagi, kuma da gaskiyar masu zagin. A wasan da babu gobe, "mai rufe wasa" suna ne kawai. Zangon da ya fi hatsari na iya zama na biyar, da mutum biyu a kan tashoshi da babban mai gorarsu a gaba. Inda nake da ja shi ne zango na tara ɗin kansa, bayan jifa ya haura ɗari.

Irin wannan caca ta sha cin riba, shi ya sa ba a daina ta. A 2010 South Carolina ta ƙare da masu buɗe wasa a Omaha, koci Ray Tanner ya ɗauko Michael Roth, bahagon da aikinsa shi ne shigowa ya fitar da mutum ɗaya ko biyu, ya ce ya buɗe wasa da Clemson. Roth ya yi zango tara cur, ya ba da maki ɗaya, kuma South Carolina ta ɗauki kofin a shekarar ƙarshe da aka buga a tsohon filin Rosenblatt. A 2018 Kevin Abel na Oregon State ya shigo agaji a wasa na biyu na zagayen ƙarshe da Arkansas, ya sami nasara, washegari ya buɗe na uku, ya yi jifa 129, aka tashi 5 da 0. A 2021 Will Bednar na Mississippi State ya dawo bayan hutun kwana uku kacal ya hana Vanderbilt bugu har zango shida, Landon Sims ya ƙarasa ukun da suka rage, makarantar ta ci kofinta na farko.

Akwai kuma wanda ya wuce hankali. A zagayen rukuni na 2009 Texas da Boston College suka yi zango 25, wasa mafi tsawo a tarihin NCAA, sama da awa bakwai. Austin Wood, mai rufe wa Texas wasa, ya yi zango 13 na agaji da jifa 169. An yi ta yi masa kirari. Ni dai ban ga abin kirari ga manyan da ke zaune a rumfa suna ƙirgawa ba.

Abel an yi masa tiyatar gwiwar hannu a 2019, Sims a 2022. Ita ce tiyatar da ake kira Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara a 1974, inda ake maye jijiyar da ta tsinke da wata, mutum ya yi shekara ɗaya ko fiye bai yi gasa ba. Babu likitan kirki da zai nuna dare ɗaya ya ce shi ne sanadi, domin jijiyar na lalacewa ne a hankali tun daga ƙuruciya, kuma masu jifa da yawa da aka lallaɓa su ma sun tsinke. Kopps kansa an yi masa ita tun kafin shekarar da ya yi suna. Sai dai an san cewa jifa cikin gajiya na daga manyan abubuwan da ke jawo rauni, kuma jagorar Pitch Smart ta MLB da hukumar besbol ta Amurka ta sa iyakar jifa 120 a rana ga masu shekara 19 zuwa 22, tare da hutun kwanaki bayan aiki mai nauyi. Shawara ce kawai. Makarantun sakandare sun koma ƙidayar jifa ta dole tun 2017, amma babban rukunin NCAA ya bar abin a hannun koci.

Ko da an ajiye batun lafiya, kashe hannu yau bashi ne da ake biya gobe. LSU, jami'ar jihar Louisiana, ta nuna hakan a 2023. Ranar 22 ga Yuni ta sa Paul Skenes, wanda jifansa ke haura mil 100 a awa, ya kara da Rhett Lowder na Wake Forest, kwana biyar bayan ya yi jifa sama da 120 a kan Tennessee. Skenes ya yi zango takwas ba a ci shi ba, Lowder ya yi bakwai, sai a zango na 11 Tommy White ya raba gardama, 2 da 0. LSU ta kai zagayen ƙarshe amma babu Skenes. Ty Floyd ya rufa mata asiri a wasan farko da Florida, ya fitar da mutum 17 da kuskure uku-uku. A na biyu, da koci Jay Johnson ya ga wasa ya kuɓuce, bai ƙona amintattunsa ba, ya bar na ƙasan benci suka sha dukan 24 da 4. Abin kunya ne a allo, amma lissafi ne mai kyau: ko da 5 da 4 aka doke ka, faɗuwa ɗaya ce. Washegari Thatcher Hurd, wanda shi ne ya yi agaji a wasan Wake Forest, ya buɗe wasa ya riƙe zango shida, LSU ta rama da 18 da 4. Sanin wasan da za a sallama wani ɓangare ne na aikin, kuma ba kowane koci ke da zuciyar yinsa a gaban kyamara ba. Makonni biyu bayan haka Pittsburgh Pirates ta ɗauki Skenes a matsayin na ɗaya, da kuɗin sa hannu dala miliyan 9.2. Wannan ne abin da ke rataye a gwiwar hannun da ake musu a kai.

Filin Omaha ma yana da ta cewa a zaɓin jifa. Sabon filin da aka buɗe a 2011, wanda yanzu ake kira Charles Schwab Field, katangarsa ta tsakiya na da nisan ƙafa 408, iska kuma kan kaɗo ta fuskanci mai gora. A shekarar ce kuma aka rage wa gorar ƙarfe ƙarfi. A 1998 an tashi wasan ƙarshe 21 da 14 tsakanin USC da Arizona State. A 2013 da 2014 kuwa sau uku-uku kacal ƙwallo ta tsallake katanga a duk gasar Omaha. A irin wannan yanayi koci na iya cewa a jefa a tsakiya, su buga sama, iska ta kama. UCLA ta John Savage ta ci kofin 2013 da ba da maki huɗu kawai a wasa biyar, tana rufewa da David Berg mai jifa ta gefe, wanda ya rufe wasa ya tsare mata nasara sau 24 a kakar. Hutun da ake samu tsakanin wasanni a Omaha na ba da damar a yi ta dawo da mutum ɗaya, abin da zagayen rukuni ba ya bari. An sauya ƙwallo a 2015 zuwa mai lafaffen ɗinki, bugu ya farfaɗo, jifan tsakiya ya koma ganganci.

Masu kare kociyoyi na da hujja ɗaya mai nauyi. Mafi yawan waɗannan yara ba za su taɓa taka filin MLB ba. Ga ɗan shekarar ƙarshe, wasan nan na Yuni shi ne mafi girma da zai buga a rayuwarsa, kuma shi da kansa ke roƙon a bar shi. Gaskiya ne. Amma ba a tambayar mai shekara 21 a tsakiyar ihun mutum dubu goma ko ya gaji, domin an san amsar tun kafin ya buɗe baki. Mutum ɗaya ne ke zaɓar jifan, shi ke ƙirga shi, shi ke yanke lokacin cirewa, kuma shi ne albashinsa ke ƙaruwa in an je Omaha. Ko da mutumin kirki ne, nauyin ya yi wa kai ɗaya yawa.

Dokar ƙidaya ma ba ta rasa illa. Manyan makarantu masu benci mai zurfi za ta fi yi wa daɗi, ta danne ƙananan da ke tafiya da gwani ɗaya ko biyu, irin Fresno State da ta fito daga matsayi na huɗu a rukuninta ta ci kofin 2008, ko Murray State da ta kai Omaha a 2025. Shi ya sa nake ganin hutun dole tsakanin fitowa da fitowa ya fi iyakar jifa a rana muhimmanci, kuma gyaran da ya fi sauƙi shi ne a daina cusa wasa biyu a ranar Lahadin zagayen rukuni, ko da za a ƙara kwana ɗaya da kuɗin masauki. A wasan farko na zagayen ƙarshe na 2025 Kade Anderson na LSU ya yi jifa 130 shi kaɗai ya doke Coastal Carolina 1 da 0, amma ya zo ne da hutun kusan mako guda. Abel ya yi nasa 129 ɗin ne washegarin ranar da ya yi agaji.